Darasi na 9: Noma, Sana'a da Fatauci a Ƙasar Tirakawan Dā

Ranar 8 ga Disamba, 1949, wasu 'yan'uwa uku suna haƙar yumɓu a bakin garin Panagyurishte na ƙasar Bulgariya, sai shebur ɗinsu ya daki wani abu mai ƙyalli. Da suka tone suka wanke, sai ga kayan sha guda tara na zinariya, nauyinsu ya ɗara kilo 6, wasu an ƙera su da siffar kan barewa, wani kan rago, wasu kan mace. Kayan sun fi shekara 2,000 a binne. Masu su su ne mutanen da za mu yi karatu a kansu yau, wato Tirakawa.

Ƙasarsu, Tirakiya, tana kudu maso gabashin Turai. Idan kuka duba taswira, ta haɗa da Bulgariya ta yau, da arewa maso gabashin Girka, da ɓangaren Turkiyya da ke cikin Turai, da wani yanki na Romaniya. Baƙin Teku na gabas da ita, Tekun Ejiyan na kudu, duwatsun Balkan da na Rodof kuma sun ratsa ta. Ba al'umma ɗaya ba ce mai sarki ɗaya. Ƙabilu ne barkatai masu harshe iri ɗaya: Odirisawa, Getawa, Tiribalawa, Besawa, Edonawa da sauransu. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ce in ban da mutanen Indiya babu al'ummar da ta kai su yawa, kuma da kansu a haɗe yake da babu mai iya ja da su.

Akwai abin da ya kamata ku riƙe tun daga nan. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to Tirakawa ba su bar mana littafi ko ɗaya ba. 'Yan rubuce-rubucen da aka samu da harshensu, kamar na jikin wani zoben zinariya da aka tono a Ezerobo a 1912, da haruffan Girkanci aka yi su, kuma har yau masana ba su daidaita kan ma'anarsu ba. Labarinsu daga bakin maƙwabta muke jin sa, su Girkawa da Romawa, mutanen da suke yi musu kallon 'yan ƙauye masu son faɗa. Sauran shaidar kuwa ƙasa ce ta adana mana.

Manomin da aka raina

Hirodotus ya ce a wurin Tirakawa babu abin alfahari kamar zaman kashe wando, babu abin raini kamar noma, kuma cin abinci ta hanyar yaƙi da ganima shi ne ƙarshen daraja. Wannan magana ta bi su har yau. Sai dai mu tambaya: wa ya gaya masa? Baƙo mai ilimi idan ya sauka a ƙasa, a fada yake sauka, hirarsa da masu dawaki ce. Abin da ya ji ra'ayin 'ya'yan sarauta ne. Al'ummar da aka ce ita ce ta biyu a yawa a duniya ba za ta ƙoshi da ganima kaɗai ba, tilas akwai masu duƙawa.

Gani ya kori ji. A ƙauyukan da aka tone an samu ƙonannen iri na alkama kala-kala, da sha'ir, da gero, da dangin wake, da 'ya'yan inabi. An samu lauje na ƙarfe, da bakin garma, da duwatsun niƙa, da 'yar lanƙwasasshiyar wuƙa ta sassabe rassan inabi. Da shanu suke huɗa. Geron nasu ba irin namu ba ne mai dogon zangarniya, wani ɗan ƙaramin iri ne mai nuna da wuri, amma aikin da yake yi wa talaka ɗaya ne: in alkama ta ƙi, shi ke rufa asiri. Har akwai wata ƙabila kusa da gaɓar Baƙin Teku da Girkawa ba su san ta da wani suna ba sai "maciya gero".

Mutumin da ya kawo mana wannan suna shi ne Zinofon, wani Ba'atine da ya jagoranci sojojin haya na Girka, suka yi wa wani basarake mai suna Siyutis aiki a hunturun shekarar 400 kafin Miladiyya. Shi kam da idonsa ya gani. Tun kafin su shiga ƙasar aka gaya wa sojojin kada su damu da guzuri, ƙauyukan cike suke da sha'ir da alkama. Ya ga gidaje kewaye da shingen dogayen itatuwa saboda dabbobi. A hari ɗaya tak, in ji shi, sun kwaso mutum wajen 1,000, da shanu 2,000, da tumaki da awaki 10,000. Ku yi lissafin irin kiwon da ake yi a yankin da za a kwashi wannan adadi a yini guda.

Rumbunsu a ƙarƙashin ƙasa yake. Sukan haƙa rami su zuba hatsi su toshe bakin, iska ba ta shiga, ƙwari ba sa rayuwa, mahari ma sai ya sha wuya kafin ya gano wurin. Wannan dabara ta yi suna har Demostenis, mashahurin mai jawabi na Atina, ya yi wa Sarki Filibus na Makidoniya ba'a a shekarar 341 kafin Miladiyya, yana cewa wa zai yarda wai saboda ɗan geron da ke cikin ramukan Tirakiya mutumin yake shan sanyi a can. Marubutan Roma masu littattafan noma su ma sun ambaci ramukan. Duk da haka shekara takan ƙi. A 376 kafin Miladiyya yunwa ta koro Tiribalawa fiye da 30,000 daga arewa, suka gangaro suka afka wa gonakin birnin Abdera da ke bakin teku. Wani harin da littattafai suka kira son yaƙi, asalinsa rumbu ne ya ƙare.

Abu biyu ne suka fitar da sunan ƙasar tun zamanin Homa, mawaƙin Girkawa na farko: dawaki da inabi. A cikin waƙoƙinsa akwai labarin fararen dawakin Risus, sarkin Tirakawa, akwai kuma giyar inabin garin Ismaros wadda saboda ƙarfinta sai an sirka mudu ɗaya da ruwa mudu ashirin. Talaka kuma yana dafa tasa giyar ta sha'ir. Batun dawaki ba ƙarin gishirin mawaƙi ba ne. Tusididis, marubucin tarihi ɗan Atina, ya ce lokacin da Sarki Sitalkis ya fita yaƙi a 429 kafin Miladiyya, an ƙiyasta rundunarsa da mutum 150,000, kashi ɗaya cikin uku mahaya ne.

Masaƙa da maƙera

Sanyin ƙasar ba na wasa ba ne. Zinofon ya ce ruwan da aka kawo musu na cin abinci daskarewa ya yi, sojojinsa da yawa sanyi ya cinye musu hanci da kunne, sannan ne ya gane dalilin da ya sa Tirakawa ke sa hular fatar yanyawa mai rufe kunnuwa, da doguwar alkyabba mai kaiwa har ƙafa in suna kan doki. Wannan alkyabba ta ulu, mai zane-zane kala-kala, ta burge 'yan Atina har samarinsu mahaya suka riƙa kwaikwayo. Mata ne ke kaɗi da saƙa a cikin gida. Ita masaƙar itace ce, ta ruɓe, amma gululun mazari da 'yan dunƙulen yumɓun da ake ratayawa su ja zaren tsaye suna nan birjik a kusan kowane kango. Ban da ulu, suna saƙa da zaren wata shuka mai kama da rama, dangin wiwi, kuma Hirodotus ya ce sai gwani ne zai bambance tufarta da ta lilin.

Tukwane da hannu aka daɗe ana gina su. Wajen ƙarni na 6 kafin Miladiyya faifan juya yumɓu ya bazu, aka fara yin kwanoni da tuluna masu launin toka, amma tukunyar girki ta ci gaba da zama ginin hannu.

Inda ƙasar ta yi zarra shi ne ma'adinai. A tudun Ada Tepe, kusa da garin Kurumobgirad, an gano mahaƙar zinariya da aka fara aiki a cikinta wajen shekara 1,500 kafin Miladiyya, ita ce mafi tsufa da aka sani a Turai. Wuta suke hura wa dutsen har ya tsage, su farfasa da gudumar dutse, su niƙa, su wanke. A ƙauyen Balcitiran kuma, a 1924, aka tono kayan zinariya 13 masu nauyin kusan kilo 12 da rabi, waɗanda suka girmi zuwan Girkawa gaɓar ƙasar. Ashe ba baƙi ne suka koya musu darajar abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba.

Arziki kuwa yana jawo ido. Dutsen Pangayon da ke kudu yana da zinariya da azurfa, ƙabilun wurin ne ke haƙa, amma kowa na so. Mutanen tsibirin Tasos suna samun talanti 80 a shekara daga mahaƙa ɗaya da ke gaɓar. Talanti ma'aunin nauyi ne, kimanin kilo 26 na azurfa. Wajen 465 kafin Miladiyya Atina ta tura mutum 10,000 su kafa gari a yankin, Tirakawa suka haɗu suka karkashe waɗanda suka kutsa ciki a Dirabeskos. Shi kansa Tusididis yana da haƙƙin haƙar zinariya a wannan yanki, sunan mahaifinsa ma, Oloros, na Tirakawa ne. A ƙarshe Filibus na Makidoniya ya kame wurin a 356 kafin Miladiyya, aka ce yana samun fiye da talanti 1,000 duk shekara. Da wannan zinariya aka gina rundunar da ɗansa Iskandari ya gada.

Mu koma kan maƙeri. A ƙarshen 1985 wani direban tarakta a ƙauyen Rogozen yana haƙa a lambunsa ya ci karo da kwanonin azurfa, masana suka zo suka ƙara tonawa, aka tashi da guda 165, nauyinsu wajen kilo 20. A jikinsu akwai mahaya suna farautar gadu, da wata mace a kan dabba mai kama da zaki, da tsuntsaye masu ƙaho. Wasu na ɗauke da sunan Kotis, sarkin Odirisawa, tare da sunan wani gari, ɗaya kuma har da sunan wanda ya ƙera shi, Disloyas. Cikin dubban maƙeran da suka zuga wuta a wannan ƙasa, yana cikin 'yan ƙalilan da sunansu ya iso gare mu. A nan sai a yi hattara. Ba duk abin da aka tono a Tirakiya ne ƙirar Batirake ba. Waɗancan kayan zinariya tara da muka fara da su, masana da yawa na ganin a wani birnin Girkawa aka ƙera su, wataƙila Lamsakos, bisa odar wani sarkin Tirakawa. Maƙeran fada sun ɗauki salo daga Farisa da Girka da makiyayan arewa, suka sarrafa shi yadda iyayen gidansu ke so. Maƙerin ƙauye kuwa yana can yana fama da lauje da linzami da kan mashi.

Gaisuwa kafin ciniki

Ta yaya dukiya ke tashi daga hannun manomi ta koma kwanon azurfa? Ba ta kasuwa ba, galibi. Masarautar Odirisawa, wadda Teres ya kafa a farkon rabin ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ta tsaya ne kan haraji da gaisuwa. Tusididis ya ce a zamanin Siyutis na Ɗaya harajin da ake karɓa daga ƙabilu da biranen Girkawa na gaɓa ya kai darajar talanti 400 a shekara, wato sama da tan 10 na azurfa, gaisuwar zinariya da azurfa ma ta kai haka, ban da tufafi masu ado da marasa ado. Ba sarki kaɗai ake kai wa ba, har hakimai da manyan fada. Ya ƙara da cewa a can karɓa ce al'ada, a roƙe ka ka hana ya fi zama abin kunya a kan ka roƙa a hana ka, kuma babu abin da ke tafiya sai an miƙa wani abu.

Zinofon ya ɗanɗana wannan da kansa a wata liyafa. Tun a bakin ƙofa wani bafaden Siyutis ɗin da ya yi wa aiki, Bagirke ɗan Maroniya, ya riƙa bin baƙi ɗaya bayan ɗaya yana raɗa musu cewa duk abin da suka ba mai gida ajiya ce. Aka shigo da nama da gurasa, Siyutis ya riƙa gutsurawa yana jefa wa wanda ya ga dama, ana zagayawa da ƙahon sha. Sai wani ya shigo da farin doki, wani da yaro bawa, wani da tufafin uwargida, wani Bagirke ya ba da kwanon azurfa da darduma. Zinofon ba shi da abin da zai bayar. Da layi ya zo kansa sai ya miƙe ya ce ya ba da kansa da sojojinsa. Ladan aikin ma da ƙyar ya fito, kuma da ya fito kuɗin talanti ɗaya ne kawai, sauran shanu 600 ne da tumaki 4,000 da bayi 120. Kun ga abin da ake kira dukiya a ƙasar.

Ga yadda kwanonin Rogozen suka shiga wannan tsari, a fahimtar masana da dama: garuruwa su biya Kotis da azurfa, a ƙera ta a rubuta sunansa, shi kuma ya aika wa sarakunan arewa don su zauna lafiya da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Fatake

Tun daga ƙarni na 7 kafin Miladiyya Girkawa suka jera garuruwa a gaɓar teku: Abdera, Maroniya, Bizantiyon wadda ita ce Istanbul ta yau, Apoloniya wadda ake kira Sozopol yanzu, da Odesos wadda ta zama Barna. Suna kawo giyar inabi da man zaitun cikin dogayen tuluna masu hannu biyu, da kwanonin Atina masu zane, da kayan ado. Suna fita da hatsi, da dabbobi, da katakon jirgi, da ma'adinai, da mutane. Tulunan nan sun zama shaida mai kyau, domin da yawa an buga musu hatimin garin da suka fito, kuma an same su har can tsakiyar ƙasa, musamman na Tasos. Wasu ƙabilun kudu, kamar Edonawa da Bisaltawa, sun buga manyan sulallan azurfa tun wajen shekarar 500 kafin Miladiyya. Sun yi nauyi da yawa ga cefane, hanya ce ta fitar da azurfa waje, shi ya sa ake tono su a Masar da Gabas ta Tsakiya.

Mafi daɗin labari shi ne na Pistiros, wani zangon fatake a bakin kogin Maritsa, tafiyar kwanaki daga teku. An gano kangonsa a 1988, sannan a 1990 aka samu wani dutse kusa da ƙauyen Betiren mai ɗauke da alkawarin da wani magajin Kotis ya yi wa 'yan kasuwar bayan an kashe Kotis wajen 360 kafin Miladiyya. Ku saurari sharuɗɗan. In fatake sun sami saɓani a tsakaninsu, su za su yi wa kansu shari'a. Bashin da suke bin Tirakawa ba za a soke shi ba. Ba za a ƙwace musu gona ko makiyaya ba. Ba za a girke musu soja a gari ba, ba za a kama nasu a yi garkuwa da shi ba. Kayan da ke tafiya tsakanin Maroniya da Pistiros ba za a karɓi kuɗin hanya a kansu ba. Ba za a ɗaure ɗan kasuwa ko a kashe shi ko a cinye dukiyarsa ba, yana raye ko ya mutu. Duk wanda ya taɓa fatauci zai gane cewa ba a rubuta haramcin abin da ba a saba yi ba. Kowane sharaɗi a dutsen nan tabon wata cuta ce da aka taɓa yi wa wani. Amma yana nuna sarkin ya san cewa ɗan kasuwar da aka bari ya dawo baɗi ya fi wanda aka washe bana amfani.

Ba ko'ina ake wannan lissafi ba. A gaɓar Salmidesos, inda jirage ke yawan kifewa, mazauna wurin har turaku suka kafa suka raba bakin tekun, kowa ya kwashi abin da ruwa ya turo a rabonsa. Zinofon ya ga gadaje da akwatuna a can, har da rubutattun littattafai.

Saura haja mafi muni. Hirodotus ya ce Tirakawa na sayar da 'ya'yansu a fita da su waje. Ko gaskiya ne ko kuwa kamammun hari ne ake sayarwa, abin da ba shakka a cikinsa shi ne bayin Tirakiya sun cika Atina, har kalmar "Batirakiya" ta zama sunan da ake kiran kuyanga da shi. Mutanen tsakiyar ƙasa ba su da gishiri, fatake kuwa na da shi, sai Girkanci ya sami kalma ta musamman ga bawa mai araha: wanda aka saya da gishiri. A wani jerin gwanjo da aka rubuta a dutse a Atina wajen 414 kafin Miladiyya, cikin bayi 16 na mutum ɗaya, 5 Tirakawa ne, farashinsu tsakanin dirakma 115 da 220. Daga sunan wannan kuɗi ne kalmar dirhami ta samo asali. Spartakus, bawan da ya tayar wa Roma da hankali a 73 kafin Miladiyya, shi ma Batirake ne.

Wajen ƙarshen ƙarni na 4 kafin Miladiyya, Siyutis na Uku ya gina birni mai ganuwa da miƙaƙƙun tituna, ya sa masa sunansa, ya buga kuɗin tagulla na hada-hadar yau da kullum. Daga baya Roma ta mayar da Tirakiya lardinta a shekara ta 46 Miladiyya. Shi wannan birni an tone shi tsakanin 1948 da 1954 lokacin gina madatsar ruwa ta Kopirinka kusa da Kazanlak, aka kwashe abin da za a iya kwashewa, sannan aka saki ruwa. Yana ƙarƙashin tafkin har yanzu.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya sake karanta sharuɗɗan dutsen Pistiros, ya zaɓi guda biyu, ya rubuta a littafinsa irin cutar da yake ganin ta sa aka kafa su. Wanda yake noma a cikinku kuma ya zo mana da amsar wannan: me zai sa mutum ya binne hatsinsa a rami maimakon ya ɗaga shi a rumbu?